Mazan Mbuya Sekesai Uku

Mbuya Sekesai, wato Kaka Sekesai, ta yi miji uku a rayuwarta, kuma na farkon ne kaɗai ke da gemu. Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu, can gindin duwatsun Gutu, ya san haka, ba ya kuma ganin abin ɗaga gira a ciki. Baƙi ne kawai in sun ji suke ajiye kofin shayi su ce a maimaita musu.

An haife ta a wani gari da yanzu babu shi. An yi madatsar ruwa, ruwa ya hau ya shanye garin da kaburburansa da bishiyar mangwaron gidansu, danginta suka watse kowa ya kama gabansa. In aka tambaye ta ina ne garinsu, sai ta ce a je a tambayi kifi. Tana budurwa Munemo ya gan ta a bakin hanya tana sayar da tumatir, ya tsaya tayi, ya yi ta tayawa har rana ta karkata bai sayi ko ɗaya ba. Washegari ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Da ta ga mutumin nan ba zai bar ta ta yi ciniki ba, sai ta aure shi don ta huta.

Kan gidan su Munemo biri ne. A wajenmu kowa da dabbar kan gidansa da ya gada daga uba. Ba ka cin ta, ba ka auren mai irinta, kuma duk inda ka haɗu da mai irinta, ko a tashar mota ce, ɗan'uwanka ne na jini, magana ta ƙare.

To Munemo yana da fili a gindin dutse, inda wani ido ke tsattsafo da ruwa ko a shekarar da shanu ke faɗuwa don ƙishirwa. Sekesai ta mai da wurin lambun tumatir da kabeji da masara, birai kuma suka ɗauka dominsu aka yi. Kowace safiya sai su sauko da 'ya'yansu a goye, su zauna kan shinge suna zaɓe. Matar gidan biri kuwa ba ta zagin biri, balle ta ɗana masa tarko. Don haka sai Sekesai ta durƙusa tukuna, ta tafa hannu yadda ake gai da manya, ta ce, "Barka da sauka, iyayen gidana, masu hawan dutse. An tashi lafiya?" Sannan ta ɗauki dutse. Hannunta ba ya kuskure. Akwai wani tsohon biri mai yagaggen kunne da ya yi shekaru yana karɓar gaisuwar da jifan, har ya zama da ya ji tafi sai ya dafe kai.

Da lambun nan ta ciyar da gida. 'Ya'yanta mata suka yi aure nesa. Ɗanta namiji guda ɗaya ya tafi aikin haƙar ma'adinai a kudu, gawarsa ce ta dawo, ya bar jariri mai suna Tinaye. Uwar yaron ta koma neman abinci can kudun, ta bar shi hannun kaka. Sai kuma Munemo ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Sekesai ta yi kewarsa ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba. Ta daɗe tana zuba tuwon masara kwano biyu kafin hannunta ya yarda.

Munemo ya bar ƙane guda, Gwatidzo. Ba mugu ba ne Gwatidzo, mai dabara ne, wanda a ganina ya fi muni. Shi ne ya sayar da shanunsa kaf ya sayi bas marar inji, bisa hujjar cewa inji ai ɗan ƙaramin ɓangare ne in aka kwatanta da sauran motar. Har yau bas ɗin na bayan gidansa, kaji na ƙwai a kujerar direba. Tun ba a share makoki ba ya gama lissafi: shanun wansa za su zama inji, lambun za a nome shi a zuba siminti, ruwan idon kuma a ɗura a roba a sayar wa mutanen Harare, waɗanda ya ji an ce kuɗi suke biya su sha ruwa.

Da shekara ta zagayo aka dafa giyar tamba don a dawo da ruhun Munemo gida, kamar yadda ake yi wa kowane magidanci. Aka raba tufafinsa, aka zo kan maganar akushi. Dangin mamaci su jeru a kan dakalin ɗakin girki, matar ta ɗauko akushi cike da ruwa, ta kai gaban wanda ta zaɓa. Wanda ya wanke hannu a ciki shi ne maigida, da gidan da gonar da garken. Wadda ba ta son wani namiji kuma, sai ta kai wa tete, 'yar'uwar mijin, ko wani ɗan yaro na jinin gidan. In kuwa ta zubar da ruwan a ƙasa, to ta sallami gidan ke nan, ta tattara ta koma garinsu. Teten gidan Munemo ta riga shi mutuwa.

Gwatidzo ya zo da kwat ta aro, ya yanke farce, yana ƙamshin da ya sa mutane atishawa. Tun Sekesai na bakin murhu ya miƙo hannu biyu kamar mai jiran a zuba masa gyaɗa. Ta taho da rarrafe, akushi a hannu, ta iso gabansa, ta wuce. A bakin ƙofa Tinaye na zaune, shekararsa biyar, yana tura motar da ya ƙera da waya. Ta ajiye akushin, ta tafa hannu.

"Baba, ga ruwa."

Yaro ya dubi ruwa, ya dubi kakarsa, ya ɗaga akushin ya kafa kai ya sha. Dattawa suka shiga gardama a kan ko sha yana cikin lissafi. Mai gari Chikomo ya yanke cewa ruwan da ya shiga ciki ya fi wanda ya taɓa hannu kama mutum, amma dai a wanke don kada a bar ƙofa. Aka tsoma hannun yaron a sauran ruwan, ruwa ya koma kalar ƙasa. Aka miƙa masa sandar kakansa, wadda ta fi shi tsawo.

Kada wani ya kai tunaninsa nesa. Abin da akushin nan ya faɗa, kowa a ɗakin ya ji shi sarai: na gama da maza, ina nan a ɗakina, a bar ni. Yaro ya koma wajen motarsa. Sai dai mu ba ma yin abu rabi. Tunda an ce shi ne maigida, shi ne. Shi ake fara zuba wa abinci, shi ke cin ƙundun kaza. Sekesai za ta tsula masa tsumagiya don ya ƙi wanka, jim kaɗan kuma ta durƙusa ta ce, "Baba, za a sayar da kazar nan mai tsiraran wuya?" Ya ce, "A'a, ƙawata ce." Kazar ta rayu har ta makance don tsufa. Ranar da akuyar maƙwabci ta cinye kabeji, mai akuya ya zo ya cire hula, ya zauna ƙasa ya tafa wa maigida, maigida ya yanke hukuncin a kawo akuyar ya hau ta sau uku. Ba a taɓa kashe rigimar akuya da sauri haka a ƙauyen nan ba. Sekesai ta ce a cikin maza ba ta ga mai sauƙin kai irin wannan ba, kuma ta yi ƙiba a wannan zamanin.

Gwatidzo ya haɗiye abin har damina biyu. Sannan wata rana ya ga wani allo a bakin kasuwa, na wata ƙungiya mai yaƙi da auren yara, sai dabara ta zo masa. Ya hau mota ya tafi birni. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan kam a ba shi. Cewa ya yi a ƙauyensu akwai mace mai shekara sittin da 'yan kai da ta auri yaro ɗan shekara biyar a gaban mai gari, aka sha giya.

Farar mota ta tsaya a ƙofar Sekesai da hantsi. Wadda ta fito doguwa ce, cikin wando, da gorar ruwa a hannu. Sunanta Nyarai. 'Yar ƙasarmu ce, amma a Ingila ta girma, harshenmu ta hanci yake fito mata.

"Mbuya, ke ce Sekesai?"

"Ni ce, 'yata. Ke kuma 'yar wane gida ce? Mene ne kan gidanku?"

Nyarai ta ce, ƙasa-ƙasa kamar mai faɗin ciwon da take jin kunya, "Babana ya ce biri."

Sekesai ta tafa hannu. "Ashe mutanen gida ne. Da safen nan na jefi kawunki."

Nyarai ba ta yi dariya ba. Ta ce a kira mata yaron. Tinaye ya zo yana jan sanda a ƙasa, ta tsuguna a gabansa, ta sassauta murya.

"Tinaye, wace ce wannan?"

"Kakata."

Nyarai ta sauke numfashi.

"Kuma matata," in ji maigida.

"Wa ya gaya maka haka?"

"Kowa."

"An tambaye ka kafin a yi?"

"An ba ni ruwa."

"Kana so?"

"Ni ke cin ƙundu."

"Tana dukanka?"

"In na ƙi wanka."

Sekesai ta ga fuskar baƙuwar na canjawa, sai ta shiga bayani. Matsalar ita ce wanda aka haifa cikin abu bai iya bayaninsa ba, ta wutsiya yake kamo shi. Ta ce ai ba ita ta fara ba, kakar mai gari ma haka ta yi, nata mijin ko yaye shi ba a yi ba. Ta ce kuma ba dole aka yi masa ba, shi da kansa ya shanye ruwan. Ta ce a tambayi kowa, tunda ta koma hannunsa ba a taɓa jin kansu ba. Duk kalmar da ta ƙara, sai idon Nyarai ya ƙara girma.

A yi wa Nyarai adalci. Ta je garuruwa ta ga yaran da aka tsinke wa rayuwa da sunan aure, ta ji manya suna cewa al'ada ce, da irin wannan sakin fuskar, da irin wannan "a tambayi kowa". Ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara barin kalmar al'ada ta rufe mata baki ba. Ta miƙe ta nufi gidan mai gari.

Shi kuwa mai gari Chikomo abin da ya fara faɗo masa shi ne rijiyar burtsatse da ake ta rade-radin ƙungiyoyi za su haƙa wa makaranta. Bai san ko wannan ƙungiyar ce ba, amma farar mota duk farar mota ce. Bai bari ta kai ƙarshen magana ba.

"An kwance," ya ce. "A sake dafa giya, a sake kawo akushi, ban da yara. Ran da giya ta tashi a yi. Ki zauna ki gani da idonki, 'yata, mu mutanen ci gaba ne."

Da labari ya iso wa Sekesai, sai ta zauna a kan turmi. Ba sai an yi mata lissafi ba. In an cire yaro, dakalin nan mutum ɗaya zai ɗauka, Gwatidzo. Ko ta kai masa ruwan ya zuba wa lambunta siminti, ko ta zubar a ƙasa ta koma garinsu wajen kifi. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka kawo gawar ɗanta.

Kuma don abin ya cika, a gidanta aka sauke baƙuwar. Direba ya juya da mota, ƙauyen ba masauki, kuma 'yar biri ba ta kwana a wani gida alhali ga gidan birai. Sekesai ta share mata ɗaki tana cizon haƙora, ta yanka mata kaza, domin haushi daban, baƙunta daban.

Nan ita ma ta sami abin kallo. Washegari da sassafe ta ga Nyarai ta fito da gudu ta yi hanyar makaranta. Sekesai ta sungumi taɓarya ta rufa mata baya, tana waige ta ga abin da ya koro ta. Suka yi ta gudu har wajen wankan shanu. Da ta tambaye ta tana haki, sai yarinya ta ce ba komai, gudun kawai take yi, kullum ma tana yi. Ga ta da cin tuwo da cokali. Ga ta ta haura talatin ba miji, ba ta kuma nuna alamar tana nema. Sekesai ta tattara duk wannan ta ajiye a ranta, ta ce lallai akwai ƙasashen da ke bukatar taimako.

Babban abin ya fito ne suna ɓarar gyaɗa a inuwa.

"Babanki yana nan da rai?"

"Ya rasu a Ingila."

"Allah sarki. Wa ya kawo shi gida?"

"Yana wajena a Harare. A kan kantar kofuna."

Sekesai ta daina ɓara. "A kan me?"

"An ƙona shi, Mbuya. Tokar tana cikin ɗan tulu."

Sekesai ta ja tabarmarta baya a hankali, ta kira Tinaye ta zaunar da shi a bayanta. Mace ta ƙona ubanta, ta ɗura shi a tulu kamar gishiri, ta ajiye kusa da kofuna, sannan ta hau mota ta zo gyara wa mutane zama. A ranar ta tattara duk ashanar gidan ta ƙulle a bakin zane. Har ta yi tunanin ko akwai ƙungiyar da ake kai wa ƙarar irin wannan, mai kula da iyaye maza.

Amma abin ya ƙi barin ta, domin yarinyar ba ta yi kama da mai ƙona mutane ba. Tana wanke kwanonta, tana koya wa Tinaye ƙidaya da duwatsu. Ranar da aka jiƙa tamba, Sekesai ta kasa haƙuri.

"Me ya yi miki?"

"Wa?"

"Baban naki."

Nyarai ta daɗe tana juya gyaɗa a tafin hannu. Ta ce shi ya roƙa. Ya bar ƙasar nan yana saurayi, lokacin yaƙi, aka tashi ƙauyensu bayansa. Duk rayuwarsa a can yana cewa baɗi zai koma. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya ce mata kawo gawa daga can ya fi ƙarfin marainiya, ta bari a ƙona shi don ya shiga jakarta, ta kai shi gida ta binne shi cikin nasa. Ta kawo shi. Ta yi ta yawo da sunan ƙauyen da ya ba ta, ba wanda ya san shi, wurin ya zama gonar wani. Abin da ya rage mata daga duk danginsa kalma ɗaya ce, biri.

"Kullum da safe ina gaishe shi," ta ce. "Ina ce masa ya ƙara haƙuri."

Kunya ta rufe Sekesai. Ta kwance bakin zane ta fito da ashana ta ajiye a tsakaninsu, Nyarai ba ta gane dalili ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Ta ce, "Nawa uban yana ƙarƙashin ruwa. Ko tulu ban samu ba."

Sai a lokacin Nyarai ta yi tambayar da ya kamata ta yi tun ranar da ta sauko daga mota. "Mbuya, in ba yaron ba, wa za ki ba ruwan?"

Sekesai ta ja ta zuwa lambu. Suka tarar da Gwatidzo yana auna idon ruwa da igiya, ya riga ya kafa turaku a tsakiyar kabeji. Ya ɗaga musu hannu da fara'a. "Maiguru," ya ce, haka ƙanin miji ke kiran matar wansa, "ki cinye tumatirin nan da wuri, nan injin zai zauna." A hanyar komawa Sekesai ta yi bayanin akushi, wannan karon ta kai, ba ta wutsiya ba. Ta ce mace a nan ba a cika tambayarta abin da take so ba, amma ranar akushi ɗaki guda na maza ke yin shiru su jira hannunta. Ta ce yaron nan ba miji ba ne, ƙyaure ne.

Nyarai ta tafi gidan mai gari, wannan karon gudun nata da dalili. Ta ce ta yi kuskure, a bar abu yadda yake. Mai gari ya girgiza kai.

"An jiƙa tamba, 'yata. An riga an gaya wa kakannin da ke ƙasa akwai taro. Ba a komawa a ce musu wasa muke."

Ta dawo idonta jawur. Ta ce za ta je birni, za ta nemo masu shari'a. Sekesai ta ce kafin masu shari'a su gama shan shayi siminti ya bushe.

Safiyar taro Sekesai ta je lambu kamar kullum. Birai na kan shinge. Ta durƙusa ta tafa, ta ce, "Barka da sauka, iyayen gidana, dangin mijina." Tsohon birin ya dafe kai. Ta ɗauki dutse, ta ɗaga hannu, sai ta tsaya a haka. Tsoho ya jira, ya gaji, ya leƙo ta tsakanin yatsu. A karo na farko tun da aka kawo ta gidan nan, Sekesai ta ajiye dutse ba ta jefa ba, ta juya gida da sauri. Birai suka yi wa masara abin da suka ga dama.

Ɗakin girki ya cika har waje. Gwatidzo shi kaɗai a kan dakali, da kwat ɗin nan dai, da ƙamshin nan dai. Tinaye na gefe yana kumbure-kumbure don an ce zai mai da sanda. Nyarai ta zauna a tabarmar mata kusa da ƙofa, kanta a ƙasa, ta zo ta ga ƙarshen aikinta. Sekesai ta cika akushi, ta taho da rarrafe, gwiwoyinta na ƙara. Ta iso gaban Gwatidzo. Ya miƙo hannu. Ta wuce.

Mutane suka ɗauka waje za ta ta zubar, wata tsohuwa har ta fara kuka. Sekesai ta tsaya a gaban Nyarai, ta ɗaga akushin.

"Tete, ga ruwa."

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Gwatidzo ya miƙe har kwat ta yage a hammata. "Wannan ba 'yar gidanmu ba ce. Da mota ta zo, kowa ya gani."

Mai gari Chikomo ya ɗaga sanda aka yi shiru. Na lura idonsa na ƙyalli, domin shi ma kabejin lambun nan yake ci. Ya ce, "'Yata, kan gidanku?"

"Biri," in ji Nyarai.

"Gwatidzo, naka fa?"

"Biri mana, amma…"

"To ga ta nan ba miji, ga aiki, ga mota. Mu ɗaura muku aure?"

"Allah ya kiyaye. In auri ƙanwata?"

"Ka faɗa da bakinka," in ji mai gari. "Zauna."

Saura hannun Nyarai. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Mbuya, in na wanke me zai hau kaina?"

"Komai. Rufin ɗaki in ya yi yoyo. Rigimar akuya. Makarantar yaron nan. Ran da na mutu ke za ki tsaya a kaina. Ba wasa ba ne, Tete. Kin ce nauyin ba na yaro ba ne, kin kuma yi gaskiya. To ga shi an sauke masa."

"In na ƙi fa?"

"Sai in koma baya in kai wa wancan, ko in fita in zubar. Ki yi sauri dai, hannuna ya gaji."

Da gaske ya gaji, ruwa na ɗiga a kan tabarma. Nyarai ta dubi akushin, ta dubi tsohuwar da ke durƙushe a gabanta. Ta kwance agogonta ta ajiye a cinya. Ta tsoma hannu biyu, ta wanke su har wuyan hannu, a hankali, yadda ake wankewa kafin a ci tuwo ba da cokali ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Gwatidzo ya fita yana cewa dama akwai wata dabarar da ta fi wannan, ta kiwon zomo a cikin bas. Tinaye ya kawo sanda, amma bai saki ba sai da aka yi masa alkawarin ƙundu na nan a hannunsa.

Sekesai ta ajiye akushin, ta ja baya kaɗan, ta tafa hannu yadda ake yi wa maigida.

"Akwai magana ɗaya da ke jiran hukuncinki, Tete. Bayan garke nan ne ake binne 'yan gidan biri, kuma akwai fili kusa da Munemo, wajen inuwa. Ba a barin babanki, surukina, a kan kanta. Ki je ki ɗauko mana shi."

Nyarai ta ɗaga hannu za ta share fuska, hannun a jiƙe yake, fuskar ma haka. Sekesai ta miƙa mata bakin zanenta.